Haraji Da Sabuwar Doka Sun Sa Masu Gidajen Haya A Ingila Tsaka Mai Wuya

Ranar 27 ga watan Oktoba na shekarar 2025, wata doka da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta a Majalisar Dokokin Birtaniya ta sami amincewar Sarki Charles na Uku. Sunanta Dokar Haƙƙin 'Yan Haya, kuma yawancin abin da ke cikinta ƙasar Ingila ya shafa, domin Sikotland da Wales kowace tana da nata tsarin. Gwamnati ta tsai da ranar 1 ga watan Mayu na 2026 ta zama ranar fara aiki da manyan sassanta. Daga wannan rana babu mai gidan da ke da ikon ya ce wa ɗan hayarsa ya kwashe kayansa ya tashi ba tare da ya faɗi dalili ba. Dalilin ma sai wanda doka ta lissafta, wanda kuma zai iya tabbatarwa a gaban alƙali.

Bisa ga lissafin gwamnati, mutane kimanin miliyan 11 ne ke zaune a gidajen haya na masu zaman kansu a Ingila, masu gidajen kuwa sun kai miliyan 2 da dubu 300. Watau a cikin kowaɗanne iyalai biyar, ɗaya a gidan wani yake kwana. Kada kuma a zaci waɗannan masu gidaje duk manyan attajirai ne. Kusan rabinsu gida ɗaya tak suke da shi na haya: malamin makarantar da ya yi ritaya, ko ma'aikaciyar asibitin da ta gaji gidan mahaifiyarta, ko direban tasin da ya ci bashin banki ya sayi ɗan gida domin ya sami abin dogara ranar tsufa.

Mai karatu yana iya tambaya, to, mu ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa da yawa. Dubban ɗalibanmu suna karatu a jami'o'in Ingila, kuma galibinsu a irin waɗannan gidaje suke sauka. Akwai kuma 'yan ƙasarmu da suka mallaki gidaje a Landan da sauran birane suna ba da haya. Bayan wannan, duk ma'aikacin da aikinsa ya shafi tsara doka ko tara haraji zai amfana idan ya ga yadda wata gwamnati ta ɗauki shekara goma tana matsa wa rukuni ɗaya na jama'a, da kuma inda nauyin ya je ya sauka, wanda ba lalle ne ya zama inda aka nufa ba.

Yadda aka zo nan

Rigima tsakanin mai gida da ɗan haya a Birtaniya ba yau ta fara ba. A lokacin yaƙin duniya na farko, sa'ad da kusan kashi uku cikin huɗu na iyalai ke zaman haya, masu gidaje a birnin Glasgow suka riƙa ƙara kuɗi saboda ma'aikatan masana'antun makamai sun cika gari. Matan unguwanni suka haɗa kai suka ƙi biya, har ta kai ga gwamnati ta kafa dokar ƙayyade kuɗin haya a 1915. An yi ta ne da sunan lalurar yaƙi, amma ta daɗe ƙwarai bayan yaƙin, ana sassautawa ana ƙara ɗaurewa.

A 1957 aka sassauta, aka ce da zarar tsohon ɗan haya ya tashi mai gida yana da ikon sa kuɗin da ya ga dama. Wannan ya buɗe ƙofar zalunci. Wani mai gidaje a unguwar Notting Hill ta Landan, Peter Rachman, ya yi ƙaurin suna wajen takura wa tsofaffin 'yan haya har su gaji su gudu, sa'an nan ya yayyanka gidan ya cusa baƙi 'yan tsibiran Karebiyan, waɗanda sauran masu gidaje ke ƙin karɓa saboda launin fatarsu. Ya mutu a 1962, amma har yau da sunansa ake kiran wannan mugun hali a harshen Ingilishi. Sai aka sake ɗaurewa da dokokin 1965 da 1977: jami'in gwamnati ne ke yanke kuɗin haya, ɗan haya kuma yana iya zama har iyakar ransa. Masu dukiya suka ga babu riba, suka yi ta sayar da gidajensu. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 iyali ɗaya ne kawai cikin goma ke hayar gida a hannun mai zaman kansa.

Gwamnatin Uwargida Margaret Thatcher ce ta juya akalar da Dokar Gidaje ta 1988. A cikinta ne sashe na 21 yake, wanda ya ba mai gida ikon karɓar gidansa bayan wa'adin yarjejeniya ya cika, da sanarwar wata biyu kawai, ba sai ya ce uffan game da dalili ba. Da bankuna suka ga jingina ta zama mai sauƙin karɓowa, a 1996 suka fito da wani bashi na musamman domin wanda yake so ya sayi gida ya ba da haya. Mutum ya kawo kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin gida, banki ya cika masa, ɗan haya ya riƙa biyan kuɗin ruwa, farashin gida kuma yana ta hawa. Cikin shekara ashirin yawan gidajen haya ya ninka. A daidai wannan zamani kuma ƙananan hukumomi suna ta sayar da nasu gidajen ga mazauna cikinsu bisa dokar 1980, har aka sayar da kusan miliyan biyu a Ingila, ba a kuwa gina madadinsu yadda ya kamata ba. Talakan da a da zai sami gidan hukuma, yanzu sai ya je wurin malamin makarantar nan mai ritaya.

Haraji ne ya fara

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba jam'iyyar Leba ce ta fara taɓa masu gidajen haya ba. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ce, wadda yawancinsu suke jefa wa ƙuri'a. A kasafin kuɗin watan Yuli na 2015, Ministan Kuɗi George Osborne ya ce masu sayen gida domin haya suna shan gaban matasa masu neman gidan farko, domin su ana cire musu kuɗin ruwan banki kafin a lissafa harajinsu, alhali mai sayen gidan zama an janye masa irin wannan rangwame tun shekarar 2000. Saboda haka ya kawo gyaran da aka sani da sashe na 24, aka fara aiki da shi kaɗan-kaɗan daga Afrilu 2017, ya kankama a Afrilu 2020.

Wannan gyara yana bukatar a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kowane yin tasiri, kuma ba a gane shi sai da alƙalami. Mu ɗauki misali. Ga wani ma'aikaci da albashinsa ya riga ya kai matakin biyan harajin kashi 40 cikin 100. Yana da gida ɗaya da yake karɓar hayar fam 12,000 a shekara, yana kuma biyan banki kuɗin ruwa fam 8,000. Domin sauƙin lissafi mu ajiye kuɗin gyare-gyare da ladan dillali a gefe. A tsohon tsari ribarsa fam 4,000 ce, haraji ya ɗauki fam 1,600, ya tashi da fam 2,400. A sabon tsari kuwa sai a sa masa harajin kashi 40 a kan fam 12,000 ɗin gaba ɗaya, watau fam 4,800, sa'an nan a yafe masa kashi 20 na kuɗin ruwan da ya biya, watau fam 1,600. Harajinsa ya zama fam 3,200, ya ninka ke nan, abin da ya rage masa fam 800.

Muddin kuɗin ruwa yana ƙasa, masu gidaje sun iya haɗiye wannan. Amma Babban Bankin Ingila, wanda ma'auninsa na kuɗin ruwa yake kashi 0.1 cikin 100 har zuwa Disamba 2021, ya yi ta ɗagawa domin yaƙi da tsadar kaya har ya kai kashi 5.25 a watan Agusta na 2023. Idan kuɗin ruwan mutumin nan namu ya tashi zuwa fam 10,000, ribarsa ta gaskiya fam 2,000 ce, amma harajin da za a nema a wurinsa fam 2,800 ne. Watau sai ya ciro fam 800 daga albashinsa ya cika wa hukuma a kan ribar da bai gani ba. Waɗansu masu gidaje sun garzaya kotu a 2016, lauyarsu kuwa Cherie Blair ce, uwargidan tsohon Firayim Minista, amma alƙali ya ƙi ba su izinin ci gaba da ƙarar.

Abin lura a nan shi ne wanda gyaran bai taɓa ba. Attajirin da ya sayi gidajensa da tsabar kuɗi ba shi da kuɗin ruwan da za a hana shi cirewa. Kamfani ma ba ya ciki, domin shi har yanzu yana cire kuɗin ruwa kafin ya biya harajin kamfanoni. Don haka masu wayo da masu hali suka riƙa buɗe kamfanoni suna sayen sababbin gidaje da sunansu. Mai gida ɗaya kuwa ba ya iya bin wannan hanya cikin sauƙi, domin a idon doka mayar da gidanka hannun kamfaninka ciniki ne, sai ka biya harajin saye da harajin ribar sayarwa. Dokar da aka ce an yi ta domin rage ƙarfin masu dukiya, a ganina, ta fi cizon mai ƙaramin ƙarfi da ke tafiya da bashi.

Sauran gyare-gyaren harajin sun zo a jere. A Afrilu 2016 aka soke rangwamen kashi 10 da ake yi wa mai ba da hayar gida da kayan ɗaki, aka ce sai abin da ya kashe a zahiri. A wannan watan kuma aka ƙara kashi 3 a kan harajin sayen gida, wanda asalinsa kuɗin kan sarki ne da ake manna wa takardar ciniki, ga duk mai sayen gida na biyu. Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta ɗaga wannan ƙari zuwa kashi 5 a ƙarshen Oktoba 2024. Wanda ba mazaunin ƙasar ba ne akwai wani ƙarin kashi 2 a kansa tun Afrilu 2021. Ga yadda abin yake a aikace: gidan fam 300,000, mazaunin ƙasar da ya sayar da gidansa ya sayi wannan domin zama zai biya fam 5,000. Ɗan Nijeriyar da ke zaune a Abuja yana da gidansa, idan ya sayi wannan gidan domin haya, fam 26,000 zai biya kafin a miƙa masa makulli.

Wanda ya ce ya gaji zai sayar, shi ma akwai abin da ke jiransa. Ribar da ake yafe wa mutum a shekara kafin a sa masa harajin sayar da kadara fam 12,300 ce a da, aka rage ta zuwa fam 6,000 a 2023, sa'an nan fam 3,000 a 2024, kuma sai an biya cikin kwana 60 da kammala ciniki. Gaskiya ne an sauke babban matakin wannan haraji daga kashi 28 zuwa 24 a 2024, kuma Ministan Kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, bai ɓoye ba cewa yana fatan hakan ya ƙarfafa wa mutane gwiwar sayarwa.

Takardu a kan takardu

A gefe guda kuma ƙa'idojin aiki sun yi ta ƙaruwa, kuma mai adalci ba zai ce yawancinsu ba su dace ba. Tun 2007 kuɗin ajiyar da ɗan haya ke bayarwa sai a damƙa shi ko a yi masa rajista a wurin wata hukuma da gwamnati ta amince da ita. Kowace shekara sai ƙwararre ya duba bututun gas, kowace shekara biyar a duba wayoyin lantarki, kowane hawa na bene a sa masa ƙararrawar hayaƙi. Dokar 2019 ta hana dillalai karɓar kuɗin takarda da kuɗin bincike daga hannun ɗan haya, ta kuma ce kuɗin ajiya kada ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje. Gidan da ba ya riƙe ɗumi, wanda makinsa bai kai matakin E ba a ma'aunin amfani da makamashi, haramun ne a ba da hayarsa tun 2020, gwamnati kuma ta bayyana cewa zuwa 2030 matakin C take bukata, abin da zai ci dubban fam a tsofaffin gidajen bulo na zamanin Sarauniya Victoria.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta fi shafar baƙi. Tun Fabrairu 2016 an ɗora wa mai gida a Ingila aikin duba takardun izinin zama na duk wanda zai ba haya, kamar shi ne jami'in shige da fice. A 2024 aka ɗaga tarar wanda ya yi sakaci zuwa fam 10,000 a kan kowane ɗan haya a karon farko. Babbar Kotu ta yanke hukunci a 2019 cewa tsarin yana haifar da wariya, domin mai gida mai tsoron tara gwamma ya zaɓi mai fasfon Birtaniya ya huta, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci a 2020, aka ci gaba da aiki da shi.

Abin da sabuwar doka ta ƙunsa

Firayim Minista Theresa May ce ta fara alkawarin soke sashe na 21 a Afrilu 2019. Ƙungiyoyin kare marasa muhalli, irin su Shelter, sun daɗe suna cewa wannan sashe yana cikin manyan dalilan da ke jefa iyalai kan titi, kuma shi ne ke rufe bakin ɗan haya, domin wanda ya yi ƙorafin rufi yana yoyo yana iya samun takardar tashi a madadin mai gyara. A 2025 iyalai fiye da 130,000 ne ƙananan hukumomin Ingila ke ajiye da su a masaukin wucin gadi. Gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta gabatar da nata shirin dokar a Mayu 2023, amma 'yan majalisarta, waɗanda ba kaɗan ba daga cikinsu su ma masu gidajen haya ne, suka yi ta jan ƙafa har aka rushe majalisa domin zaɓen 2024, shirin ya bi ruwa. Jam'iyyar Leba da ta ci zaɓen ta kawo nata a Satumba na shekarar, wanda ya fi na farko tsanani.

A ƙarƙashin sabuwar dokar babu sauran yarjejeniya mai wa'adin wata shida ko shekara ɗaya. Haya ta zama ta wata-wata, ba ta da ranar ƙarewa. Ɗan haya yana iya tashi duk lokacin da ya so idan ya ba da sanarwar wata biyu. Mai gida kuwa sai da hujja. Idan yana so ya sayar, ko shi ko wani na kusa da shi zai shiga, ba zai iya karɓar gidan ba a cikin shekarar farko, sai kuma ya ba da sanarwar wata huɗu, kuma an hana shi sake sa gidan a haya har tsawon wata 12, domin kada ya fake da sayarwa ya kori mutum ya kawo wanda zai biya fiye. Idan bashin haya ne, a da wata biyu ya isa alƙali ya ba da umurnin tashi ba tare da wani zaɓi ba, yanzu sai ya kai wata uku, sanarwar kuma ta tashi daga mako biyu zuwa huɗu.

Dokar ba ta ƙayyade kuɗin haya ba, kuma gwamnati ta nanata cewa ba ta da niyyar komawa zamanin 1977. Abin da ta yi shi ne ta ce ƙari sau ɗaya ne a shekara, da sanarwar wata biyu, ɗan haya kuma yana da ikon kai ƙara gaban kotun sauraron al'amuran gidaje idan ya ga an wuce farashin kasuwa. Kotun ba ta da ikon yanke abin da ya fi wanda mai gida ya nema, saboda haka mai ƙara ba ya tsoron ya je neman sauƙi ya dawo da ƙari. An hana gwanjo, watau a tallata gida a kan wani kuɗi sa'an nan a bar masu nema su yi ta ƙarawa. An hana ƙin mutum domin yana da yara ko domin yana karɓar tallafin gwamnati. Har ma wanda ke son ajiye kare ko kyanwa, ba a hana shi sai da dalili mai ma'ana, abin da zai ba mutanenmu dariya, amma a can magana ce babba. Wanda ya karya doka ƙaramar hukuma tana iya cin tararsa har fam 7,000, idan laifin babba ne ko an maimaita har fam 40,000, ana kuma iya tilasta masa mayar da hayar wata 24.

Waɗansu sassan an bar su zuwa matakai na gaba. Akwai rajistar dukkan masu gidajen haya, da ofishin sauraron koke-koken 'yan haya, kwatankwacin Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da muke da ita tun 1975. Akwai kuma abin da ake kira Dokar Awaab. Awaab Ishak yaro ne ɗan shekara biyu, iyayensa mutanen Sudan, wanda ya rasu a garin Rochdale a Disamba 2020. Binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar cewa fumfunar da danshi ya haifar a bangon gidansu ce ta lalata masa numfashi, bayan mahaifinsa ya daɗe yana kai kuka ba a gyara ba. Gidan na wata ƙungiyar gidajen jama'a ne, kuma a kan irin waɗannan ƙungiyoyi aka fara ɗora wa'adin gyara, amma sabuwar dokar ta buɗe hanyar faɗaɗa shi zuwa masu zaman kansu.

Baƙon da ba shi da mai tsaya masa

Sashen da ya kamata ɗalibanmu da iyayensu su karanta da kyau shi ne na biyan haya tun gaba. Dokar ta hana mai gida ko dillali karɓar ko kwabo na haya kafin a sa hannu a yarjejeniya, bayan an sa hannu kuma ba zai nemi fiye da na wata ɗaya ba kafin a shiga gida. Ga wanda ya saba da Kano ko Kaduna ko Abuja, inda ake neman shekara guda ko biyu a dunƙule, wannan sai ya zama kamar rahama. Jihar Legas ma ta hana neman fiye da shekara ɗaya a dokarta ta 2011, ko da yake kowa ya san yadda bin dokar ya kasance.

Amma ga baƙo a Ingila abin yana da wata fuska. Mai gida ba ya ba da makulli sai ya binciki tarihin mutum na biyan bashi a ƙasar, ko kuma a kawo masa wani mazaunin Birtaniya mai albashi ko mai gida wanda zai tsaya wa ɗan hayan. Ɗalibin da ya sauka jiya daga Kano ba shi da ko ɗaya. Hanyar da aka saba bi ita ce ya biya wata shida ko shekara a dunƙule, hankalin mai gida ya kwanta. Yanzu an toshe wannan hanya, a daidai lokacin da fitar da wanda ya kasa biya ya ƙara wuya. Ƙungiyar masu gidajen haya ta ƙasa ta yi kashedin cewa ɗalibai 'yan ƙasashen waje da masu sana'ar kansu ne za su fi jin jiki, kuma ko da mutum bai yarda da ƙungiyar a sauran maganganunta ba, a nan tana da hujja. Idan mutum goma suna neman ɗaki ɗaya, ba a kuma yarda a fifita wani da kuɗi ba, to, za a fifita shi da takardu, baƙo kuwa shi ne mafi ƙarancin takardu. Abin da ya rage masa shi ne ɗakunan kwana na jami'a da manyan gine-ginen ɗalibai masu rajista, waɗanda wannan tsari bai shafa ba amma sau da yawa sun fi tsada, ko kuma kamfanonin da ke tsaya wa mutum su karɓi ladansu.

'Yan ƙasarmu masu gidaje a can kuma su sani nisa ba ya zama uzuri. Wanda ke zaune a wajen Birtaniya wata shida ko fiye, dillalinsa ne doka ta ɗora wa cire harajin matakin farko daga kuɗin haya ya miƙa wa hukumar haraji, sai fa idan an nemi izinin karɓa cikakke aka bayar. Wanda ya sayi gida da sunan kamfanin wata ƙasa, tun 2022 wajibi ne ya bayyana ainihin mai kamfanin a rajistar gwamnati, in ba haka ba ba ya iya sayarwa ko jinginarwa.

Duk wannan gini kuwa a kan kotu yake tsaye. A da yawancin masu gidaje da sashe na 21 suke fitar da mai bashi ko mai fitina, domin takarda ce kawai, sau da yawa ba sai an zauna shari'a ba. Yanzu kowace ƙara sai alƙali ya saurari hujja, alhali kotunan lardi tun kafin wannan suna ɗaukar watanni kafin a kai ga ma'aikacin kotu ya karɓo gida. Babban kamfani mai gidaje dubu yana iya jure wa ɗaya ko biyu da ba sa kawo kuɗi. Mai gida ɗaya da banki ke jiransa ƙarshen kowane wata ba ya iyawa. Masu goyon bayan dokar suna cewa ko ya sayar gidan ba ya ɓacewa, wani ne zai saya ya zauna, kuma haka ne. Sai dai mai sayen ba shi ne ɗan hayan da aka tayar ba, domin da yana da kuɗin saye da ba ya haya. A 2024 kuɗin haya a Birtaniya ya tashi da kusan kashi 9 cikin 100 a shekara guda, kuma babu wani sashe a sabuwar dokar da ya ƙara ko ɗaki ɗaya a ƙasar.

Ma'aikatar Kuɗi ma ba ta gama ba. Daga Afrilu 2026, wanda kuɗin da ke shigo masa daga haya da sana'ar kansa ya wuce fam 50,000 a shekara sai ya riƙa aika lissafinsa ta kwamfuta kowane wata uku, a 2027 kuma a sauko zuwa fam 30,000. A kasafin Nuwamba 2025 Rachel Reeves ta ware wa kuɗin haya nasa matakan haraji daga Afrilu 2027, kowane ya fi na albashi da kashi 2, watau 22 da 42 da 47, rangwamen kuɗin ruwa kuma ya koma kashi 22. Ma'aikacin nan da muka yi misali da shi, mai hayar fam 12,000 da kuɗin ruwa fam 8,000, harajinsa zai zama fam 3,280. Abin da zai rage masa a shekara fam 720 ne, idan ɗan hayansa ya biya kowane wata, tukunyar ɗumama gida kuma ba ta lalace ba.